Dilan da ya shigo lambu da rana tsaka

Akuya ce ta sa aka buga mini waya. Da sanyin safiyar wata Alhamis, a tsakiyar hunturu, lokacin da ruwan alwala a Jos ke sa mutum ya yi shahada kafin ya taɓa shi, wani dattijo da na saba duba wa dabbobi ya ce in zo in ɗinke masa akuya, wani abu ya yage mata cinya. Na ce wane abu, Baba? Ya ce dila. Na ce cikin dare ya shigo? Ya ce a'a, jiya bayan azahar, yana tsaye a cikin kabeji yana kallo. Ban ƙarasa shayin da ke hannuna ba.

Aikina duba lafiyar dabbobi ne, kuma galibin mutanena masu lambu ne da masu kiwon kaji a gefen gari. Na ga ya kamata in rubuta wannan lamari na ciwon haukan kare dalla-dalla saboda kusan duk kuskuren da na saba gani ɗaya-ɗaya a gidaje daban-daban, a nan sun taru a gida guda cikin wata guda, kuma mutanen gidan ba sakarkaru ba ne. Kowane mataki da suka ɗauka akwai hankali a bayansa. Zan kira mai lambun Baba, yadda nake kiransa.

Wurin da mazaunansa

Lambun yana gabas da Jos, inda gidaje ke ƙarewa duwatsun Shere su karɓa. Ramukan da kamfanonin haƙar kuza suka tafi suka bari tun zamanin Turawa, yau su ne kududdufan da ke shayar da kabeji da karas da latas da dankalin Turawa da ake lodawa zuwa kasuwar Farin Gada. Baba yana da injin ban-ruwa a bakin ɗaya daga cikinsu, da ɗakuna uku na jar ƙasa, da shingen ƙerana da ya zagaye rabin gidan. Sauran rabin a buɗe yake, yana fuskantar dutse. Gidajen unguwar a warwatse suke, kuma kafin mutum ya taka kwalta sai ya yi kusan minti 40 a kan babur.

Dutsen ma yana da nasa mazauna: agwada, birai masu ɓarna, beguwa, kasa, kumurci mai fesa dafi a ido, da dila. Kura ta yi ƙaranci, sai jefi-jefi a ji labarinta. In ana hirar namun daji masu haɗari a Jos, abin da ke fara faɗowa a baki shi ne zakin da ya kuɓuce daga gandun namun daji na garin a watan Disamba na 2015 aka harbe shi. Har yau ana ba da labarin. Dila kuwa ba mai sa shi a lissafi. A tatsuniya malamin daji ne, a zahiri ɓarawon kaji ne da tarin mutum kaɗai ke kora.

Karnukan gidan biyu ne: Duna, baƙin namiji da ya fara manyanta, da wata ja mai suna Ba-ruwanka. Sunan habaici ne ga wani maƙwabci, ban tambayi wane ba. Matsayinsu irin na kare a yawancin gidajen manomanmu ne, ana son aikinsa, ba a son jikinsa. Ba sa shiga ɗaki, abincinsu ƙanzo in an samu, sauran su nema wa kansu, da dare kuma a sake suke. Abu ɗaya ya bambanta su. Shekarar da ta gabata ma'aikata sun zo allurar rigakafin haukan kare kyauta, ƙaramin ɗan Baba ya riƙe Duna aka yi masa, aka ba da kati. Ba-ruwanka da ta hango baƙi sai ta haye dutse, ba ta sauko ba sai magariba.

Ranar Laraba

Baba yana gyaran fangali, yaron, mai shekara 11, yana jan tiyo, akuya tana ɗaure a gindin mangwaro. Dilan ya gangaro ta gefen da ba shinge, yana tafe yana tangaɗi kamar ƙafafun baya sun yi masa nauyi. Baba ya daka masa tsawa, ya jefe shi da hoge, ko waiwaye bai yi ba. Ya nufi akuya ya kafa mata haƙora a cinya. Kukanta ne ya kawo karnukan. Ba-ruwanka ta riga isa, suka sarƙe, ya cije ta a leɓe da gefen hanci. Duna ya shiga ya samu yaga a kunne. Yaron, da yake a zahiri shi ne mai karnukan, shi ke ba su ƙanzo shi suke bi, ya ruga ya kama Duna ta ƙafar baya zai janye shi. Dilan ya saki kare ya cafki hannun yaro, tsakanin babban yatsa da manuniya. Kafin Baba ya iso da fartanya jini ya wanke hannun. Ya sauke masa ita a ka sau uku, ya ja gawar ta wutsiya ya wurga a kwazazzabo.

Lafiyayyen dila ba ya fitowa fili da rana inda mutum ke tsaye, balle a jefe shi ya ƙi gudu, balle ya tsaya faɗa da karnuka biyu a kan akuyar da ba zai iya ɗauka ba. Naman dajin da tsoron mutum ya fita daga kansa, ko ya zo yana cizon duk abin da ya samu, ko ya zo laƙwas har yara su ce sun tsinci abin wasa, ana ɗaukarsa mai ciwon haukan kare ne har sai gwaji ya ce ba haka ba. Da na faɗa wa Baba haka sai ya ce, "Likita, ai dila ne, ba kare ba." Sunan ciwon a bakinmu shi ya yaudare shi. Duk dabba mai shayarwa tana iya kamuwa: saniya, jaki, kyanwa, tunku, dila, mutum.

Awa ashirin

Uwar yaron ta ɗauraye hannun da ruwan ɗumi da gishiri ta ɗaure da tsumma. Wata tsohuwa maƙwabciya ta sa aka koma kwazazzabo aka tsigo gashin dilan, aka ƙona, aka barbaɗa tokar a ciwon. Da la'asar yayansa ya goya shi a babur zuwa wani kemis a bakin kwalta. Mai kemis ya yi masa allurar tetanus, ya ba da kafso, ya naɗe hannun tam da bandeji. Suka dawo gida hankali kwance. Da na tambayi yaron washegari, amsar da kowa ya ba ni ɗaya ce: ai an yi masa allura.

Wannan magana ta fi tokar gashin ba ni tsoro. Toka ƙazanta ce kawai, ana wanke ta. Amma iyalin da suka yi imani an yi allura ba za su sake neman wata ba. Allurar tetanus tana da amfaninta a irin wannan rauni, sai dai ba ruwanta da haukan kare ko kaɗan.

Ƙwayar wannan ciwo a yawu take. In ta shiga rauni ba jini take bi ba, jijiyoyin da ke kai saƙo zuwa laka da ƙwaƙwalwa take kamawa, ta riƙa hawa a hankali. Shi ya sa mutum kan yi wata biyu ko uku lafiya ƙalau, wani mako guda, wani har shekara, raunin ya warke a manta da shi. Shi ya sa kuma cizon fuska da na yatsu ya fi muni, don jijiyoyi sun yi yawa a nan, fuska kuma ga ta kusa da ƙwaƙwalwa. Da zarar alamu sun bayyana, firgita, tsoron ruwa, tsoron iska, to kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kimanin 59,000 ke mutuwa da shi duk shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari na waɗanda ake ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Duk wanda ya ga yadda yaron nan ya kutsa tsakanin kare da dila ya san dalili.

Abin da ya kamata a yi tun a minti na farko yana nan a gidan, a bakin randa: sabulu. Ƙwayar tana da riga mai maiƙo, sabulu kuma yana narkar da ita. A wanke raunin da sabulu da ruwa mai gudana minti 15 cur, a zuba aidin in akwai, a bar shi a buɗe, kada a yi gaggawar ɗinkewa. Ko da awa ashirin ta wuce na kwance bandejin muka yi, uwar tana zuba ruwa da buta, ni ina cuɗawa da sabulun wanki, yayansa yana duba agogon waya. Minti 15 a baki ba komai ba ne. A kan hannun yaro mai ihu cikin sanyin Jos, sai da buta ta ƙare sau tara.

Daga nan na sauka kwazazzabo da safar hannu da kula mai ƙanƙara. Muna da sa'ar da jihohi da yawa ba su da ita: Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa tana Vom, bayan Bukuru, tun 1924. Can ake haɗa allurar rigakafin dabbobi, can kuma ake gwada ƙwaƙwalwar dabbar da ake zargi. Amma gwajin ƙwaƙwalwa yake so, wadda ba ta ruɓe ba. Fartanyar Baba ta riga ta farfasa kan, karnukan unguwa kuma sun kwana suna yagar abin da ya rage. Ban samu abin ɗauka ba. Wanda ya kashe irin wannan dabba, in da hali, ya kauce wa kai, kada ya taɓa gawar da hannu tsirara, ya kife ta da wani abu mai nauyi har ma'aikaci ya zo. Ban ga laifin Baba ba. Mutumin da dila ke riƙe da hannun ɗansa ba ya zaɓen inda zai sara.

Akuyar da aka kira ni dominta ban ɗinke ta ba. Baba ya so a yanka kafin ta mutu a yi asara biyu. Dafuwa sosai tana kashe ƙwayar, haɗarin yana kan mai yanka da mai fiɗa, musamman in akwai tsaga a hannunsu, ga kuma rauni cike da yawun dila. Na ce a ware ta. Kwana uku ta yi raunin ya kashe ta, aka haƙa rami mai zurfi aka binne.

Neman allura a gari

Baba ya yi jinkirin yarda a kai yaron asibiti, kuma ba kuɗi kaɗai ba ne. Yana tuna wani ɗan'uwansa da kare ya ciza suna yara, aka yi ta yi masa allura a ciki kullum har mako biyu ko uku. Wancan tsohon magani ne, an daina. Na yanzu a damtse ake yi, ba a ɗuwawu ba, don a ɗuwawu ba ya aiki yadda ya kamata. Likitan da ya duba yaron ya ɗora shi a kan tsarin allura biyar: ranar farko, sai bayan kwana 3, da 7, da 14, da 28.

Ciwon nasa kuma na mataki na uku ne a rabon da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi, wato haƙori ya huda fata har jini ya fita. Irin wannan yana buƙatar ƙarin wata allura, imiyunoglobulin, garkuwa ce haɗaɗɗiya da ake tsirawa cikin raunin da kewayensa ta tare ƙwayar a wurin, kafin jiki ya ƙera tasa cikin mako guda. In kwana bakwai suka wuce da fara rigakafin, ba a ƙara yin ta. Ita ce mai tsada, ita ce mai wuyar samu. Asibitin da muka fara zuwa babu ko ɗaya daga cikin biyun. Na biyu yana da ta damtse, aka fara a ranar, kimanin awa 30 bayan cizon. Ɗayar sai a rana ta biyar yayansa ya samo ta a wani babban kantin magani, bayan Baba ya haƙe dankalin da bai gama ƙosawa ba ya sayar a araha. Na ce masa kafin ya biya ya tabbata daga firji aka ciro ta, ya kuma taho da ita cikin ƙanƙara. Allurar da ta sha zafi ruwa ce kawai mai tsada.

Inda aka kusa yin ɓari shi ne bayan allura ta uku. Hannu ya kame, yaro yana ƙwallo, kuɗi sun ƙare, kowace tafiya kuma tana cin yini guda na aikin lambu. Baba ya ce ai Allah ya kiyaye, a bar shi haka. Uwar ba ta yi musu da shi a gabana ba. Ta je ta roƙi uwar adashinsu aka ba ta kwasar da ba tata ba ce a watan, ta kira babban ɗanta ta ce ya tayar da babur. Ita ta ƙarasa biyun da suka rage.

Karnuka biyu, hukunci biyu

Wani maƙwabci ya kawo shawarar da ake yawan ji, wai a ɗaure karnukan kwana goma, in ba su haukace ba shi ke nan. Maganar kwana goma gaskiya ce, amma ba nan ne wurinta ba. Ta shafi karen da ya ciji mutum: in yana da ƙwayar a yawunsa ranar da ya yi cizon, cikin kwana goma zai nuna alama ko ya mutu. Karen da aka ciza kuwa yanzu ƙwayar ta fara tafiya a jikinsa, tana iya ɗaukar makonni ko watanni.

Katin Duna yana cikin wani gwangwanin madara tare da takardun fili. Na wanke masa kunne, na ƙara masa allura a take, na ce a tsare shi kwana 45 ana lura. Ba-ruwanka ba ta da kati, kuma a fuska aka cije ta. Na faɗa wa Baba gaskiya, abin da ya fi aminci a kashe ta ba tare da azaba ba. In ya ƙi, to tsarewa ce mai tsanani ta wata huɗu zuwa shida, ba mai taɓa ta. Ya yi shiru, sannan ya ce akwai hanya ta uku, masu sayen karnuka suna zagayowa da keji a bayan babur.

Wannan hanya ta uku ita ce ta fi damuna a aikin nan. Kasuwar karnuka ta Dawaki a ƙaramar hukumar Kanke tana cikin mafiya girma a ƙasar nan, fatake suna tattaro mata karnuka daga ƙauyuka har daga jihohin da ke arewa da mu. Sana'a ce, mutane suna ci da iyalinsu a kanta. Matsalar ita ce karen da mai shi ya fi saurin rabuwa da shi shi ne wanda ya fara cizo ko wanda ake zargi. Sai a cusa shi a keji da wasu, ya yi tafiya mai nisa, ya faɗa hannun mahaucin da bai san tarihinsa ba. Masu bincike a ƙasar nan sun sha samun ƙwayar a ƙwaƙwalwar karnukan da aka yanka suna kamar lafiyayyu. Na ce, "Baba, in ka sayar da ita, ɗan wani za ta ciza, kuma shi ba wanda zai gaya wa uwarsa dila ya taɓa ta." Bai ba ni amsa ba, amma da yamma ya kwashe tarkacen da ke tsohon ɗakin inji, ya sa kwaɗo, ya huda ƙasan ƙofar daidai shigar kwano.

A rana ta 24 ya kira ni. Ta daina cin abinci, haushinta ya canza ya zama wani gurnani mai kaushi, haɓarta ta saki, yawu yana zuba. Ya ce yana jin ƙashi ne ya maƙale mata a maƙogwaro, zai buɗe ya sa hannu ya ciro. Na yi masa ihun da ban taɓa yi wa dattijo ba, daga baya na ba shi haƙuri. Mutane suna jiran mahaukacin kare mai gudu yana cizon iska, ba su san akwai nau'in da ke zuwa da shanyewar jiki ba, kare ya yi shiru, baki a buɗe kamar mai neman taimako. Masu tausayi da yawa sun kamu ta wannan ƙashi da babu shi. Ya kuma ce ai tana kusantar ruwa, ba ta tsoronsa. Tsoron ruwa alamar mutum ce, kare ba lallai ya nuna ta ba. Na je na sauƙaƙa mata a ranar, na cire kan yadda ya kamata, muka kai gwaji. Sakamakon ya tabbatar da abin da gawar dilan ta kasa gaya mana. Duna ya cika kwanakinsa ya fito yana kaɗa wutsiya, da guntun kunne.

A ƙofar mai unguwa

Labarin Ba-ruwanka ya tayar da unguwar fiye da cizon yaron. Aka taru bayan sallar Juma'a. Matasa suka ce a zuba guba a mushen kaza a ajiye a gindin dutse, a gama da diloli. Wasu suka ce karnukan unguwar duka za a kashe.

Na ce, ranka ya daɗe, gubar ba ta san dila ba. Wanda zai fara cin mushen kare ne, sai ungulu, wadda dama ta kusa ƙarewa a garuruwanmu, sai ruwan sama ya wanke sauran zuwa kududdufin da ake ban-ruwa da shi. Kashe karnuka kuma an gwada shi a ƙasashe da dama bai hana ciwon ba. Manomin da ke da kabeji a fili da birai a kan dutse ba zai zauna ba kare ba. Cikin wata biyu zai samo ɗan kwikwiyo daga wani wuri, marar allura, a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Abin da aka tabbatar yana katse yaɗuwar shi ne a yi wa aƙalla bakwai cikin kowane karnuka goma allura, a kuma riƙa maimaitawa.

Sai na faɗi abin da bai yi wa wasu daɗi ba. Ni a ganina ba dutse ne ya kawo mana ciwon ba, mu muka kai wa dutse. A ƙasar nan kare na gida shi ne babban ma'ajin wannan ƙwaya, kuma a duniya kusan kashi 99 cikin ɗari na mutanen da ke kamuwa ta cizon kare ne. A bayan unguwar akwai inda masu gidajen kaji ke zubar da matattun kaji. Da dare karnukanmu masu yunwa da dilolin dutse a nan suke haɗuwa, a kan mushe ɗaya, suna cizon juna. Mai yiwuwa dilan nan wani karen sake ne ya cije shi makonni kafin ya gangaro. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar tana bola.

Liman ne ya sauƙaƙa mini sauran. Ya tunatar da jama'a cewa shari'a ta halatta riƙon kare don gona da kiwo da farauta, kuma dabbar da mutum ya ajiye tana da haƙƙin ci da kulawa a kansa. Wasu da ke jin kunyar a gan su suna jan kare zuwa wajen allura suka samu abin fakewa. Ranar da muka sa, makiyayan da ke da ruga a bayan dutse su suka fara isowa da nasu karnukan a ɗaure. Mutanen da suka saba yi wa shanu rigakafi ba sa buƙatar dogon bayani. Yara ne suka yi mana rabin aikin, don kowane kare yana da yaron da yake yarda da shi. Mun ƙirga 23, mun samu 18.

Abin da ya canza a gidan Baba

Cewa a riƙa kulle kare da dare abu ne mai sauƙi a bakin wanda ba shi da lambu. Karen da ke kulle ba ya korar ɓarawon inji. Abin da muka yi shi ne muka kafa turaku biyu, ɗaya a bakin kududdufi ɗaya a kusurwar gida, muka ja waya mai kauri tsakaninsu, aka zura zobe da guntuwar sarƙa. Duna yana sintiri daga wannan kai zuwa wancan, yana ganin komai, yana haushi, amma ba ya kaiwa bola. Sharaɗin shi ne a ciyar da shi, don karen da aka hana yawo ba a ba shi ba zalunci ne. Yanzu ana dama masa dusa da ragowar tuwo da yamma. Gefen da ba shinge an dasa ƙerana, an toshe ƙasan da ƙaya kafin ta girma. Tarin duwatsu da itacen da ke jingine da ɗakin yara an matsar da su nesa, wannan saboda kasa da kumurci ne, kuma na nuna musu in kumurci ya fesa wa kare ko mutum a ido, ruwa mai yawa ake ta kwarara masa kafin komai. Masu kaji sun yarda su riƙa binne mushe, ko da yake na ga ba kullum suke yi ba.

Ga yara kuma uwar ta kafa doka da bakinta, ta fi tawa kaifi: in kare yana faɗa da wani abu, ba hannu, ba ƙafa. A watsa ruwa daga nesa ko a kira babba. In naman daji ya shigo da rana, a shiga ɗaki a rufe.

Da na koma bayan watanni, yaron ya nuna mini tabon hannunsa, ya kuma nuna mini wata 'yar kwikwiya ja da ya samo. Baba ya ɗauko gwangwanin madara, ya ce in duba masa ko lokacin Duna ya yi, ita kuma wannan yaushe za ta isa allura. Na ce in ta cika wata uku. Ya ce saura kwana goma sha biyu, yana ƙirgawa.

Na tambaye shi karnuka biyar ɗin da ba mu samu ba. Ya ce uku suna nan, an yi musu daga baya. Ɗaya mota ta take. Na biyar, wani fari da aka gani da jini a baki a kwazazzabo washegarin ranar dilan, mai shi ya ba masu keji tun kafin ranar allura. Na ce ina suka nufa da shi? Baba ya ɗaga hannu ya nuna hanyar kwalta.